Lita 40 Don Kwalba Ɗaya: Yadda Muke Dafa Maɗin Itace A Bayan Gida

Duk wanda ya taɓa ganin tutar Kanada ya ga jan ganyen nan da ke tsakiyarta. Ganyen wani itace ne da masu Faransanci ke kira erabul, masu Ingilishi kuma su ce mapul. Ba ya fita a ƙasarmu, shi ya sa ba shi da sunan Hausa. Tun 1965 ganyensa yake kan tutar, kuma mutanen nan suna ji da shi kamar yadda manominmu ke ji da gawo. Itace ne mai zaƙi a jiki. Idan sanyi ya fara sakin ƙasa, daga ƙarshen Faburairu zuwa Afrilu, sai a huda gindinsa, ruwa ya riƙa ɗiga, a tara shi a dafa har ya yi kauri. Abin da ke fitowa su suna ce masa siro, amma kada ku ɗauka maganin tari ne. Sunan da ya fi dacewa da shi a bakinmu shi ne maɗi, irin wanda tsofaffinmu mata ke dafawa da ɗinya. Da wannan sunan zan riƙa kiransa.

Lissafin abin gajere ne: wajen lita 40 na ruwan itace ke ba da lita 1 ta maɗi. Sauran 39 ɗin sai sun tashi sama a tururi, kana tsaye kana iza wuta. A kan wannan 40 ɗin nake so mu tattauna da ƴan uwana malamai da iyaye, don na ga ta koya wa ƴaƴana abin da na daɗe ina neman hanyar koyar da shi.

Shekara 12 na yi ina riƙe da alli a lakkol ta firamare a jihar Maraɗi, mafi yawa a ajin CM2, kafin rabo ya kawo ni lardin Kebek da iyalina. Muna zaune a wani ƙaramin gari kusa da Sherburuk, ba nisa da iyakar Amurka. Gidan da muka samu tsohon gida ne, da itatuwa huɗu a bayansa, uku manya ɗaya ƙarami. Da farko ba abin da nake samu wurinsu sai aikin shara, don a watan Oktoba ganyensu kan yi ja ya zube ya rufe tsakar gida.

Damuwata a lokacin daban take. Ni na tashi a gidan da yaro ya san tuwon da ke gabansa tun yana zangarniya. Ya yi shuka, ya yi noman farko da maimai, ya kori tsuntsu, ya ga sussuka da surfe da daka. Ƴaƴana uku kuwa, babbar mai shekara 11 a lokacin, ƙanenta mai 8, da auta mai 5, suna tashi ne inda komai daga kanti yake zuwa cikin kwali. Madara daga firigo, ɗumin ɗaki daga bango, amsar kowace tambaya daga waya. Ba laifinsu ba ne, ba kuma laifin ƙasar ba. Sai dai yaron da bai taɓa ganin abu ya ɗauki lokaci ba, da wuya ya yarda cewa karatu ma lokaci yake ɗauka. Babbar, in lissafi ya ƙi fita cikin minti biyu, sai ta ture kaye ta ce ita ba ta da kan lissafi. Ni kuwa ba ni da gonar da zan kai su.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne da ya haura shekara 70, ya tashi a gidan masu dafa maɗi a yankin Bos, wanda ya yi suna a wannan sana'a. A watan Faburairun 2024 ya leƙo ta saman shinge ya dubi itatuwan, ya ce da ni: "Maƙwabci, kana da erabul na sukari har huɗu a bayan gida, kana kuma sayen siro a kanti?" Ashe erabul iri-iri ne, kuma wanda ruwansa ya fi zaƙi shi ne namu. Ya gane su ta ɓawo da tsinin toho, ko ganye ɗaya babu a kansu. Washegari ya dawo da tsofaffin bokitai huɗu masu murfi, da ƴan indararo na ƙarfe kamar tsawon yatsa, ya ce mu aro.

Kafin a huda komai sai da ya sa aka yi awo. Ƙa'idarsu ita ce ba a taɓa itacen da kaurinsa bai kai santimita 25 ba daidai ƙirjin mutum, kuma itace kan yi shekara 40 kafin ya kai haka. Babbar ta tambaye shi yadda za a auna kaurin itace ba tare da an sare shi ba. Ya yi dariya ya nuna ni ya ce: "Tambayi babanki, ai an ce mini malami ne." Na sa ta ɗauko awon ɗinkin uwarta, ta zagaye gindin itacen da shi, sannan ta raba abin da ta samu da 3,14. Wannan lamba ta sha rubuta ta a lakkol. Ranar ce ta fara ganin abin da take yi wa mutum. Daga nan ita da kanta ta juya lissafin, ta ce ba sai an yi ta rabawa ba: duk itacen da zagayensa ya kai santimita 79 ya isa huda.

Manyan biyu sun wuce 100, kowane ya samu huda ɗaya. Babban cikinsu ya haura 160, dattijo ya ce ya iya ɗaukar biyu. Ƙaramin kuwa 60 ya ba da. Ɗana ya so a huda shi, don shi ne yake kusa da tagar ɗakinsu kuma ya riga ya ce nasa ne. Ya ce: "Baba, huda ɗaya ƙarama me za ta yi masa?" Dattijo ya kai shi gidansa ya nuna masa wani guntun katako da aka tsaga daga tsohon erabul. A jikinsa akwai baƙin zane dogo, sama da ƙasan kowace tsohuwar huda. Ya bayyana masa cewa duk inda aka huda, itace kan toshe katakon da ke kewaye don ya kare kansa daga ruɓa, kuma wannan wurin ba ya ƙara ɗaukar ruwa har abada. Babban itace yana ƙara sabon katako kowace shekara fiye da wanda huda ta ɓata. Ƙarami bai da wannan rarar. Shi ya sa ma ba a maimaita huda a wuri ɗaya, sai a matsa gefe kamar faɗin tafin hannu. Wanda ya kiyaye wannan, itacensa zai shayar da shi, ya shayar da jikokinsa, don akwai itatuwan da aka shekara 100 ana tatsa suna nan tsaye. Yaron bai ji daɗi ba, amma ya ga katakon da idonsa, bai ƙara musu ba.

Hudar kanta aikin minti ɗaya ce. Da na'urar huda katako ta kafintoci ake yi, faɗinta milimita 8, zurfinta santimita 4 zuwa 5, a ɗan karkata ta sama don ruwa ya gangaro. A sa ɗan indararon a buga shi da guduma a hankali, don in aka buga da ƙarfi ɓawo ya tsage ruwa ya riƙa bin gefe. Sai a rataya bokiti a rufe. Ba mu bar wurin ba sai da muka ji ɗigon farko ya faɗa gindin bokiti. Ɗana ya tara yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska ya ce: "Baba, ai wannan ruwa ne." Gaskiyarsa. Fari ne tas kamar ruwan pampo, zaƙinsa sai ka natsu kake jin sa, don sukarin da ke ciki bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a matsayina na malami shi ne dalilin da ke sa ruwan fita. Lokacin zafi ganye yana haɗa abinci da hasken rana, itace ya ajiye rarar a matsayin sitaci cikin saiwa da katakon jikinsa, kamar yadda manomi ke zuba hatsi a rumbu. Sanyi yana maida wannan sitaci sukari, ya narke cikin ruwan jikin itacen. Da dare, in sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, ruwan da ke cikin rassa ya daskare, iskar da ke cikin ƙananan ƙofofin katako ta takure, sai itacen ya zuƙo ruwa daga ƙasa. Da rana, in gari ya ɗan saki, ƙanƙarar ta narke, iskar ta buɗe, ruwan ya matsu yana neman mafita. In ya samu huda sai ya biyo ta. Ke nan sai an haɗa biyun, dare mai daskarewa da rana mai narkewa. In sanyi ya zarce dare da rana, bokiti ba ya samun komai. In ɗumi ya zarce ma haka. Wannan yanayi mako huɗu zuwa shida kaɗai yake yi a shekara, kuma shi ya sa sana'ar ta tsaya a gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka.

Da yara suka gane haka, sai suka koma masu bin labarin yanayi kamar manomi a farkon damina. Kowace yamma babbar ta zo ta ce: "Baba, yau da dare 5 ƙasa da sifiri, gobe da rana 6 sama. Zai zuba." Lambobin ƙasa da sifiri, waɗanda na san yadda suke wahalar da ɗalibai, ƙanenta ya kama su cikin mako guda, don su ke faɗa masa ko gobe akwai ɗaukar bokiti ko babu. Na ba su kaye sabo, suka ja layi huɗu: kwanan wata, sanyin dare, ɗumin rana, da litar da aka kwasa. Akwai ranar da suka rubuta 19. Akwai kwana biyar a jere da suka rubuta sifiri, suna fita cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, su ɗaga murfi su tarar da wayam. Waɗannan kwanakin ma darasi ne. Ba wanda za a kai wa ƙara, ba abin da za a latsa ruwa ya zo.

Ruwan itace kamar ɗanyar madara yake, ba ya son ɗumi. In ya kwana biyu a wuri mai zafi sai ya gurɓace ya yi tsami. Muna tace shi da ƙyalle mu zuba a bidon, mu binne cikin tarin dusar ƙanƙara a gefen gidan da rana ba ta kaiwa, sai ranar Asabar a dafa. In aka wayi gari saman bokiti ya daskare, dattijo ya ce a ɗauke ƙanƙarar a yar, don kusan ruwa ce zalla, sukarin yana can ƙasa. Duk ƙanƙarar da aka yar, an rage itacen wuta ke nan.

Dafuwa a waje ake yi. Wanda ya gwada tafasa lita 40 a ɗakin girki, bangonsa da silinsa za su jiƙe sharkaf. Mun jera bulo muka yi murhu, muka ɗora wani daro na ƙarfe mai faɗin baki marar zurfi, don faɗin baki ke sa tururi saurin tashi, ba zurfi ba. Wuta kuma ba ta son sanyin jiki, dole ruwan ya riƙa tafasa da ƙarfi tun safe. Yana raguwa kana ƙara wanda ka ɗumama a gefe, kana kwashe kumfa da ludayi. In kumfa ta taso za ta zube, ɗigon man girki ɗaya ya isa ya kwantar da ita. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu dafa mazarƙwaila ya san aikin, wuta ce da tururi da jira. Bambancin shi ne ruwan rake, irin wanda ake nomawa a fadamun Matamaye da Magarya, sukarinsa kan haura kashi 12 cikin 100, shi ya sa yake saurin kamawa. Na erabul kuwa sai a kai awa biyar ana iza wuta yana nan fari kamar ba a taɓa shi ba. Sai can da la'asar ya fara yin ruwan shayi, ƙanshi ya cika unguwa.

Uwargida ta fito Asabar ta biyu ta tarar da mu cikin hayaƙi, ta dubi tarin itacen da muka ƙone, ta ce: "Malam, ka yi lissafin abin nan kuwa? Kuɗin itacen wutar nan ya sayi gwangwani nawa a kanti?" Na yi lissafin, kuma ta fi ni gaskiya ta fuskar kuɗi. Gwangwanin da ake sayarwa a nan mililita 540 ne, kuma manyan masu sana'ar, da ke jawo ruwan dubban itatuwa ta bututun roba su cire mafi yawan ruwan da inji kafin su dafa, ba mai murhun bulo da zai ja da su a farashi. Na ce mata ta dubi yaran. Babbar na riƙe da kaye tana auna zurfin daro da sanda duk bayan rabin awa don ta san lita nawa ke tashi. Ƙanenta na jido itace. Auta na zaune kan bokitin da aka kife tana gadin ludayi. Tun safe ba wanda ya tambayi waya. Ta yi shiru, ta koma ciki, can sai ga ta da safar hannu ta ce a matsa mata.

A 2024 da 2025 azumi ya faɗo cikin watan Maris, daidai tsakiyar aikin. Sai ga mu manya muna wuni kan tukunyar zaƙi ba halin lasa, ƙananan biyu da ba su fara azumi ba suka zama masu ɗanɗano. An ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Mu ruwa muka dafa, kuma sai da aka kira magariba muka sha.

Ƙarshen dafuwa shi ne wurin da ake asara in aka yi sake. Idan lita 40 ta koma kamar 3, sai a juye a tukunya a kai kan gaz a ɗakin girki, inda ake iya sarrafa wuta. Dokar Kanada ta ce sai sukari ya kai kashi 66 cikin 100 kafin a kira abu siro. In bai kai ba zai yi tsami ko fumfuna a kwalba. In ya zarce da yawa, sukari ya daskare a gindinta kamar tsakuwa. Hanyar ganewa ita ce ma'aunin zafi. Da yake sukari na ɗaga zafin tafasa, maɗin da ya nuna yana tafasa ne da digiri 4 sama da ruwan zalla. A littafi ruwa na tafasa a 100, amma wannan a bakin teku ne. A tudu yana raguwa, kuma yana ɗan sauyawa da nauyin iskar ranar. Don haka sai ka fara tafasa ruwan pampo ka auna, sannan ka ƙara 4. Mu ranar farko 99 muka samu, muka sauke a 103. Babbar ta yi mamakin cewa littafi bai yi ƙarya ba, amma kuma sai ta auna da hannunta. Dattijo shi ba ya buƙatar ma'auni. Ludayi yake tsomawa ya ɗaga, in maɗin ya daina ɗiga ɗaya-ɗaya ya fara saukowa da faɗi kamar labule, ya ce a sauke. Mun gwada shi da ma'auni, bai kuskure ba.

Daga nan a tace da ƙyalle mai kauri, don akwai wani gari kamar rairayi da ke fitowa daga gishirin jikin itace. A zuba a kwalba da zafinsa, wajen digiri 85, a rufe. Na farkon lokaci fari-fari yake kamar man gyaɗa, zaƙinsa marar nauyi. Na ƙarshe baƙi-baƙi ne, ɗanɗanonsa ya fi kusa da mazarƙwaila. Mu mun fi son na ƙarshen, a kan masa da cikin kunun gyaɗa lokacin buɗa baki. Akwai kuma alewar yara: a ci gaba da dafa kaɗan har digiri 114, a zuba shi layi-layi kan dusar ƙanƙara mai tsabta, ya kama, a naɗe shi a ɗan tsinke. Mutanen Kebek kan je cin wannan alewa a bukkokin dafa maɗi da ke cikin daji, har lakkol na kai yara. Da yake abincin da ake haɗawa da ita a can yawanci da naman alade ne, samun tamu a gida ya sauƙaƙa mana.

Da lokaci ya ƙare babbar ta haɗa kayenta: lita 160 daga huda huɗu. Tun kafin dafuwar ƙarshe ta ce za mu samu lita 4. Da muka auna kwalabe sai muka samu 3,7. Abin ya dame ta. Ta sake tarawa sau biyu, ta zargi ƙanenta da yawan lasa. Sai na ba ta wata ƙa'ida da masu sana'ar ke amfani da ita, wadda wani masani na jami'ar Bamont a Amurka, C. H. Jones, ya fitar: ka raba 86 da yawan sukarin da ke cikin ruwan, abin da ya fita shi ne litar da kake buƙata don samun lita 1. Ban ƙara mata komai ba. Ta zauna da alƙalami fiye da rabin awa. Ta raba 160 da 3,7 ta samu 43. Ta raba 86 da 43 ta samu 2. Ta taso da gudu ta ce: "Baba, ba wanda ya sha. Itatuwanmu kashi 2 ne sukarinsu, 40 ɗin da ake faɗa na waɗanda suka ɗan fi namu zaƙi ne." Yarinyar da ke ture kaye bayan minti biyu ce ta gano zaƙin ruwan da ya riga ya tashi a tururi, ba tare da wani inji ba. Ban ce ta zama gwanar lissafi daga ranar ba. Amma ban ƙara jin ta ce ba ta da kai ba.

Na kuma so su san cewa wannan ilmi ba Turawa suka zo da shi ba. Ƴan asalin ƙasar, irin su Abenaki da ke wannan yanki namu da Anishinabe, suna tsaga jikin erabul su tara ruwan a ƙoƙunan ɓawon itace tun kafin jirgin Faransawa ya iso, kuma dabarar yar da ƙanƙara tasu ce. Baƙin sun koya daga gare su, suka kawo tukwanen ƙarfe. Yau Kebek kaɗai ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na maɗin erabul na duniya. Har rumbun tsimi gare su, inda suke ajiye dubban ganguna don shekarar da yanayi ya ƙi, kamar yadda suka buɗe shi a 2021. A 2012 aka gano ɓarayi sun kwashe kusan tan 3000 daga ajiyar. Duk wannan dukiya daga ɗigon da ɗana ya ce ruwa ne take.

Lokacin yana ƙarewa da kansa. Da dare ya daina daskarewa, toho ya fara kumbura, ruwan sai ya canza ɗanɗano ya yi bauri. Nan ake zare indararo, a wanke bokitai da ruwan zafi. Hudar ba a cusa mata komai, itace ke rufe ta da kansa cikin shekara biyu ko uku.

Na san ba wanda zai shuka erabul a Tasawa ko Madawa, kuma ba shi nake kira a yi ba. Abin da na gani shi ne kayan aikin duka ba su wuce bokiti da daro da awon tela da kaye ba, kuma kowace unguwa a ƙasarmu tana da irin wannan 40 ɗin. Tiya nawa ta gyaɗa ke ba da lita ɗaya ta mai, kuma nawa ke komawa ƙuli-ƙuli? Mai yin sa tana nan bayan lakkol, ta san amsar a hannunta ko da ba ta taɓa rubuta ta ba. Ƙwarya nawa ta nono ke ba da curin man shanu? Damin hatsi nawa ke ba da buhu? Me ya sa masu ɗibar ƙaro ke tsaga ɓawon dakwara da rani, kuma me ke samun itacen da aka tsaga fiye da kima? Mushe da ke da yara 80 a aji ba littafi, yana da bedi a tsakar lakkol, kuma igiya ɗaya ta isa a zagaye shi a raba da 3,14. Yaranmu na gida ma sun fi nawa sa'a ta wani gefen, don su suna yin aikin da hannunsu. Abin da ya rage shi ne wani babba ya miƙa musu kaye ya ce su auna su rubuta, su yi hasashe kafin a gama, in amsa ta saɓa su nemi dalili. Aikin da yaro ke yi a gida da lissafin da yake yi a tablo, sau da yawa ba wanda ya taɓa gaya masa abu ɗaya ne.

Dattijo ya faɗa mini cewa manyan itatuwan nan uku wani mutum ne ya dasa su tun kafin a haife ni, ya rasu bai taɓa huda su ba. Ƙaramin kuwa da kansa ya fito. A Faburairun 2025 ɗana ya ɗauki awon ɗinkin uwarsa ba wanda ya sa shi, ya zagaye shi ya samu 62. Ya cire 62 daga 79, ya raba da 2, ya zo ya ce saura shekara 9, lokacin yana da 18. Ya rubuta a bangon kayen, ya kuma gargaɗi auta kada ta ƙara ɗaura lilo a reshensa.